Tambaya da Amsa: Hoton sarkin da Faransa ta naɗa a Meziko

Tambaya: Assalamu alaikum. Na samu wani hoto bugun takarda, faɗinsa santimita 60, tsayinsa 50. Sojoji ne a jere suna harbin mutum uku a gindin bango, an ce na tsakiyar sarki ne. Ina so in sa shi a gilashi in rataya a ɗakin karatu. Mene ne tarihinsa, kuma yaya zan kare shi daga ƙura da gara? Daga wani malamin makaranta, Unguwar Zariya, Maradi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Yadda ka kwatanta shi, zanen Edouard Manet ne na Faransa, na kisan Sarki Maximilian. Maximilian ƙanin sarkin Ostiriya ne. A 1861 shugaban Meziko, Benito Juarez, ya dakatar da biyan bashin ƙasashen waje, sarkin Faransa Napoleon na Uku ya fake da wannan ya tura sojoji, a 1864 aka ɗora Maximilian kan karaga. Sarautar ba ta da gindi a ƙasar, bindigar Faransa ce ke riƙe da ita. Da yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, Amurka ta matsa wa Faransa lamba, ga kuma Farusiya, wata masarautar Jamusawa, na ƙara ƙarfi a Turai, sai Napoleon ya kwashe sojojinsa. An kama Maximilian a garin Keretaro na Meziko, aka harbe shi ran 19 ga Yuni 1867 tare da janar-janar biyu, Miramon da Mejia.

Ka dubi kayan sojojin da kyau: sun fi kama da na Faransa. Wanda ke gefen dama yana gyara bindiga kuma, fuskarsa ta ɗauko ta Napoleon. Manet na nuna wanda alhakin ke wuyansa ne, shi ya sa hukumar Faransa ta hana buga hoton a lokacin. Babban zanen yana Mannheim a Jamus.

Batun gilashi kuwa, a nan mutane suka fi ɓata hoto. Kada ka yarda a lulluɓe shi da roba a injin zafi. In an yi, ba ya ɓaruwa. Kada kuma a shafe bayansa da gam a manna a katako. Takarda na shan danshi a damina ta buɗe, ta tsuke da hunturu, in an ɗaure ta ko'ina sai ta yamutse.

Ka ce wa kafinta ya yanko gilashi mai kaurin milimita 2 ko 3. A yanka farin kwali mai kauri, a huda masa taga, a bar santimita 5 kowane gefe, a sa shi tsakanin gilashi da hoton. Aikinsa hana takarda taɓa gilashi, don in sun haɗu raɓa na taruwa tawada ta manne. Da wannan lissafi firam ɗinka zai kai wajen 70 da 60. A liƙa hoton daga sama kawai, wuri biyu, da ƴar takarda da kokon sitaci. Kada a sa salatif, yana komawa rawaya ya bar tabon mai. Kwalin sabulu ko na taliya ma kada a sa a baya, yana rina takarda ta yi ja.

A rufe bayan, a bi duk gefunan da takardar manni, ta nan ƙurar hazo da kyankyaso ke shiga. A manna ƴan guntayen roba a kusurwoyin ƙasa don iska ta riƙa ratsawa tsakaninsa da bango. In gara ta fara hanya ma za ka gani da wuri.

Ka guji bangon gabas na waje, shi ruwan damina ke duka a Maradi, da duk inda rana ke faɗawa ta taga, don tana cin launi. Ƙusa biyu za ka kafa, tsakiyar hoton ta zo wajen santimita 150 daga ƙasa. Wajen gogewa, tsumma ake jiƙawa kaɗan, ba a fesa ruwa a gilashin, yana gangarawa ya shiga ta ƙasan firam.