Daga Garwa zuwa Garwa a jirgin kwamfuta: amsa ga ƙanenmu na Marwa

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka tun shekaranjiya, na bari sai na samu natsuwa, don ba amsar layi biyu ba ce. Ka ce kana so ka zagaya duniya a manhajar tuƙin jirgi da kwamfutarka ta cinya, ranka yana kan Boeing 747, kana kuma tambaya ko abin zai yiwu da irin wuta da intanet ɗin da muke fama da su a nan arewa, da kuma kwana nawa zai ci. Zai yiwu, don na yi. Na tashi daga Garwa a watan Nuwamba na nufi gabas, na dawo Garwa ta yamma a ƙarshen Mayu. Amma in za ka ji tawa, ajiye 747 ɗin nan tukuna.

Ni ma da shi na fara. Ka tashi, ka hau sama kilomita 11, ka danna maɓalli jirgi ya riƙe kansa, shi ke nan aikinka ya ƙare. Ƙasa ta koma wani dishi-dishi, ba ka bambance Chadi da Sudan. Na tashi na ci tuwo, na yi salla, na leƙa maƙwabci, na dawo na tarar da jirgi yana nan yana ta tafiya ba ruwansa da ni. Kwana uku na yi na watsar. Zagayen duniya da babban jirgi awa hamsin da ɗan wani abu ne, amma za ka gama ba ka ga duniyar ba, saukar da ka yi kuma ba ta fi a ƙirga da yatsu ba.

Abin da ya yi mini shi ne tafiya irin ta fatake, zango-zango. Na ɗauki Cessna 208 Caravan, mai inji ɗaya, wanda ke zuwa cikin Microsoft Flight Simulator na 2020 ba sai ka saya daban ba. Yana gudun wajen kilomita 300 a awa, da cikakken tanki kuma yana kusantar kilomita 1,900. Cessna 172 ya fi shi sauƙin koyo, kuma da shi ya kamata ka fara, sai dai gudunsa wajen 220 ne, mansa ba ya wuce kilomita 1,100 da ɗoriya, zai bar ka a bakin teku kana lissafi. TBM 930 yana ninka Caravan gudu, ga wanda ba shi da lokaci. Kewayen duniya ta tsakiyarta kilomita 40,075 ne, kai ma raba da gudun jirginka ka ga awannin da ke jiranka. Hukumar wasannin sama ta duniya, FAI, ba ta karɓar zagaye sai ya ratsa dukkan layukan tsaye na taswira, ya kuma kai kusan kilomita 36,800. Ba wanda zai bincike ka a ɗakinka, amma ni na riƙe wannan ƙa'ida don kada in cuci kaina. Littafina ya nuna zango 58, awa 134.

Zangon farko shi ne Garwa zuwa garinku, kilomita 160 kacal. Lambar filinmu FKKR, naku na Salak FKKL, na Njamena FTTJ. Ka haddace irin waɗannan haruffa huɗu, da su ake neman kowane fili. Da na ɗaga sai ga Binuwai shimfiɗe, ga gada, duwatsun Mandara kuma suka yi ta raka ni ta hannun hagu. Kada ka sa rai za ka gane gidanku. Hoton ƙasa na tauraron ɗan adam ne, gaskiya ne, amma gine-ginen kwamfuta ce take ƙirƙira su bisa abin da ta hango daga sama, sai ka ga ta dasa wani gida irin na Turawa a tsakiyar unguwa. Koguna da duwatsu da manyan hanyoyi ne ba sa ƙarya. A Njamena, inda Logon ya haɗu da Shari, Kusiri na wannan gefe, birni na wancan, sai da na zagaya sau biyu kafin in sauka.

Daga nan ne tafiyar ta daina zama wasa a wurina. Na tsara hanya: Njamena, Abeshe, Alfashir, Khartum, Fot Sudan, Jidda. Ina nuna wa mahaifiyata taswirar a waya, sai ta yi shiru, can ta ce ai hanyar da kakanmu ya bi ke nan da ƙafa da jaki zuwa Makka, yana tsayawa yana noma da ɗinki yana tara guzuri, ya shekara biyar bai dawo ba. Ni kuwa Njamena zuwa Abeshe, wajen kilomita 650, awa biyu da 'yan mintoci na yi, ga shayi a gefena. Daren da na yi wannan zango na sauko ƙasa-ƙasa, ina kallon busassun rafuka da fili fetal ba inuwa, iskar hunturu tana dukan hancin jirgi tana rage mini gudu, ina ta tunanin mutum da gora da sanda a wannan wuri. Da 747 nake ciki da ban ga komai ba. Sama da Darfur kuma komai lafiya lau a allo, alhali tun Afrilun 2023 ake yaƙi a Sudan. Allah Ya kawo musu sauƙi. Wani abin da ban sani ba sai daga baya: Amelia Earhart, Ba'amurkiyar nan da ta ɓace a tekun Fasifik ranar 2 ga Yuli 1937 tana ƙoƙarin zagaya duniya, ta wannan hanya ta bi. Daga Gao ta sauka Fort-Lamy, wato Njamena kafin a sauya mata suna a 1973, ta wuce Alfashir da Khartum. Ka ga ba a bayan gari muke ba, a kan hanya muke.

Fot Sudan zuwa Jidda kilomita ɗari uku da ɗan kai ne a kan Bahar Maliya. Makka ba ta da filin jirgi, a Jidda ake sauka. Na san masu zuwa su yi ta shawagi a kan Harami suna ɗaukar hoto. Ni dai raina bai kwanta da hakan ba, na hango daga nesa na wuce Madina. Kowa da abin da zuciyarsa ta ba shi.

Asiya ba zan ja ta ba. Maskat, Karachi, Delhi, Katmandu, Kolkata, Bankok, Hon Kon, Japan: filaye birjik, ba fargabar mai. Abu ɗaya kawai, daga Katmandu kowa yakan ce bari in leƙa Lukla, filin da titinsa mita 527 ne a gefen dutse. Na leƙa. Sau huɗu ina rungumar dutsen. Na bar shi, ba ya cikin hanya dama.

Tambayar da kowa yake yi ita ce teku, kuma amsarta tana kan ƙwallon duniya, ba a shimfiɗaɗɗiyar taswira ba. Kada ka ce za ka ratsa Fasifik ta tsakiya, don tsakanin Hawai da Kaliforniya ya haura kilomita 3,700 ba wurin sauka. Arewa ake bi, inda nahiyoyi suka kusa haɗa kai: Sapporo, Petropavlovsk a Kamchatka, Magadan, Anadir, sannan Nome a Alaska. Mashigin Bering da ya raba Rasha da Amurka wajen kilomita 85 ne. A wannan zango ne za ka ƙetare layin sauyin rana, ka tashi Talata ka sauka Litinin. Atlantika ma haka: Goose Bay a Kanada, Narsarsuaq a Girinlan, Reykjavik a Aislan, Wick a arewacin Sukotlan, kowane tsallake wajen kilomita 1,200. Hanyar da masu kai ƙananan jirage Turai suke bi ke nan a zahiri. Dalilin fuskantar gabas kuwa, a can arewa iska daga yamma take busowa, tana tura ka ta baya, ta rama maka abin da hunturu ya ci a farko.

A Narsarsuaq ne na ga ta kaina. Watan Afrilu ne, ka san Garwa a Afrilu, zafi ya haura 40, dare ma bango yana huci. Ina zaune daga ni sai singileti, gumi yana ɗiga kan tebur, a allo kuwa ƙanƙara ce take cin gilashin jirgi daga gefe tana matsowa tsakiya. Gudu ya fara raguwa ban taɓa komai ba. Sai da na ga hanci yana neman faɗuwa na tuna ban kunna maganin ƙanƙara ba, na kunna, na sauko ƙasa da gajimare. Awa huɗu ina kan ruwa. Filin yana can ƙuryar wani dogon lungun teku, duwatsu dama da hagu, sai ka bi ruwan kamar mai bin lungu a tsohuwar unguwa. Na shiga lungun, na rage gudu, na saki fiffiken sauka mataki ɗaya, ina cewa saura minti goma. Fanka ta tsaya. Ɗaki ya yi duhu. Kwamfutar tebur ce, ba batir. Na daɗe zaune riƙe da sandar tuƙi a cikin duhu, har uwargida ta leƙo da fitilar waya ta ce, to direba, an iso?

Tun daga ranar na koyi abu biyu. Na sayi ƙaramin batirin ajiye wuta, wanda ko minti goma ya ba ka ya isa ka tsayar da tafiya ka rubuta inda kake. Sannan duk rabin awa ina rubuta wuri da tsayi da sauran mai a littafi. Manhajar tana bari ka zaɓi kowane wuri a taswira ka fara daga sama, sai ka daidaita mai da hannunka ka ci gaba. Wannan ba ha'inci ba ne a wurina, wuta ce ta ci amana. Kai da ke da ta cinya ka fi ni sa'a a nan, amma zafi ne abokin gabarka. Ɗaga bayanta iska ta shiga, kada ka ɗora ta kan katifa, ka kai a busa mata ƙura bayan hunturu, ka yi tafiyarka bayan isha'i ko bayan asuba. In ta yi zafi da kanta take rage ƙarfi, hoto ya riƙa tsalle, kuma lokacin sauka ne abin yake kama mutum.

Maganar data kuwa, a nan za ka yi zaɓi da hankali. Microsoft Flight Simulator na 2020 ya haura giga 100 wajen saukewa, sai ka nemi inda ake da wifi marar iyaka ka kwana biyu a can. Bayan haka yana jan hoton ƙasa daga intanet kana cikin tafiya, amma a cikin saituna akwai inda za ka kashe wannan, ko ka sa masa iyaka, ka bar yanayin sama na gaskiya kawai, wanda ba ya cin komai sosai. Ni ina kunna hoton ƙasa a inda ido zai ci, in kashe a kan teku. Na 2024, wanda ya fito a Nuwamban shekarar, kusan komai daga intanet yake ja, ban ba ka shawararsa ba a halin da muke ciki. X-Plane 11 yana ajiye duniyarsa a cikin kwamfuta, yana tafiya ba intanet, ƙasarsa dai ba ta kai kyau ba, kuma babu Caravan a cikinsa, amma akwai irin su Baron 58 da King Air. FlightGear kyauta ne, in aljihu ya yi nauyin tashi. Don tsara hanya ka sauke Little Navmap, shi ma kyauta, zai nuna maka nisan kowane zango da inda jirginka yake.

Batun ƙara saurin lokaci a kan teku, ana ta musu a kai. Ni ban yi ba, amma ba na zagin wanda ya yi, mai iyali da aiki ya san abin da yake ciki. Abin da na yarda da shi shi ne mayar da agogon manhajar zuwa rana. Kamchatka da Alaska a tsakiyar sanyi rana 'yar kaɗan ce, in ka biye wa agogon gaskiya rabin tafiyar a duhu za ka yi ta.

Dawowa ta Faransa, Aljiyas, Tamanrasset, Agadas, Kano. Zangon ƙarshe na kira yara suka zauna a tabarma, muka bi ta kan Yola muka kama Binuwai har gida. Saukar ba ta yi kyau ba, sai da jirgin ya yi tsalle biyu, ƙaramin ya ce Baba ka fasa taya.

Kafin ka sa ranar tashi, ɗauki 172 ka yi ta tashi da sauka a Salak har sai ka yi goma a jere ba ka buga ba. Sanda mai arha ta wadatar, da madannai kaɗai wahala za ka sha. Daga nan ka yi Marwa zuwa Garwa, ka gwada Ngaundare, wadda ke kan tudu sama da mita 1,000, ka ji yadda jirgi yake nauyin tashi a wuri mai tsayi da rana tsaka. Ka kuma turo mana girman ma'ajiyar aiki ta kwamfutar taka, wato RAM, da irin katin hoton da ke cikinta. Na 2020 yana tashi da giga 8 amma da ƙyar, 16 ne daidai, in kuma ba ta da katin hoto na daban, to maganar X-Plane ko FlightGear za mu yi.