Amsa: masu hidimar ɗakunan bautar Hindu a Kerala

Ɗan'uwa, ka tambaya ko masu hidima a ɗakunan bautar Hindu bayi ne, ko su ne waɗanda ake ƙyamar taɓawa. Ko kusa ba haka ba ne, aƙalla a jihar Kerala ta kudancin Indiya, inda na yi shekara uku ina karatu a garin Thrissur.

A can ana ce musu Ambalawasi, wato mazauna ɗakin bauta, kuma zuri'o'i ne daban-daban, kowace da aikin da ta gada. Wariyar da Fisharodi su ke haɗa furannin da ake rataya wa abin bauta, su kuma kula da kayan ɗakin. Marar makaɗa ne, masu buga canda, wata doguwar ganga mai ƙarar gaske, da ƙaramar idakka mai kama da kalangu. Cakyar su ke wasan kwaikwayon Kudiyattam da harshen Sanskirit, 'yan Nambiyar na buga musu wani katon tulun tagulla. UNESCO ta karrama wannan wasa a 2001.

Matsayinsu shi ya fi ɗaure mini kai. Suna ƙasa da Namboodiri, Birahaman (wato zuri'ar limaman Hindu) da ke jagorantar bautar, amma ana ɗaukarsu sama da Nayar, waɗanda a da su ne mayaƙa. Lokacin da aka hana Ezhawa da Fulaya, zuri'o'in da ake ƙyamar taɓawa, ko bin hanyar da ta zagaye ɗakin bauta, abin da ya jawo gwagwarmayar garin Waikom a 1924, su Ambalawasi suna ciki kullum. Sai a 1936 sarkin Travancore, wata tsohuwar masarauta a kudancin Kerala, ya buɗe wa kowane Bahinde ƙofar ɗakunan bautar masarautarsa.

Uwar gidan da na yi haya 'yar Wariyar ce, dattijuwa. In na tashi sallar asuba, sai in tarar da ita zaune kan tabarma, ta riga ta yi wanka, kwandon jajayen furanni a gabanta, tana ɗaure su da zaren ayaba ba ko kallon hannunta. Ta kai har bakin matattakalar ɗakin ciki ta ajiye, liman ya ɗauka. Nan iyakarta. Shekara da shekaru hannunta ke yi wa abin bautar ado, ƙafarta ba ta taɓa shiga inda yake ba. Wannan ya tsaya mini a rai, duk da addininmu ba ɗaya ba.

Kuma girman bai zo da wadata ba. Gyaran dokar filaye da ya fara aiki a 1970 ya raba ɗakunan bauta da yawancin gonakinsu, abin da masu hidima ke samu ya tsuke. 'Ya'yanta duka sun kama aikin ofis, ɗaya yana Dubai. A 2017 hukumar ɗakunan bautar Travancore har 'yan Dalit, wato waɗanda a da ake ƙyamar taɓawa, ta naɗa limamai. Da na tambaye ta wa zai gaje ta, nuna mini jikarta ta yi, yarinya 'yar firamare da ke zaune kusa tana tsince mata ganye daga kwandon.