Tallar talabijin a motar haya: dole ne fasinja ya saurara?

Tambaya: A bas ɗin da nake shiga zuwa aiki an kafa talabijin da ke ta talla da ƙara tun daga tashi har sauka. Shin fasinjan da ya biya kuɗinsa yana da ikon ƙorafi?

Amsa: Malama, kina da iko, kuma kukanki tsoho ne. A 1952 Kotun Ƙolin Amurka ta saurari ƙarar fasinjojin birnin Washington da suka ƙi rediyon da ake kunna musu a motocin haya. Kotun ta goyi bayan kamfanin, amma Mai Shari'a William Douglas ya saɓa wa takwarorinsa, yana ganin bai dace a tilasta wa wanda ba shi da hanyar kaucewa ya saurara ba.

A ganina hujjarsa tana da ƙarfi, domin mutum yana iya kawar da idonsa daga allo, amma kunne ba shi da murfi, kuma wannan rashin mafita shi ne ainihin abin da mai talla yake saye. Kamfanoni kan ce kuɗin talla yana rage musu nauyin gudanarwa. To, ki rubuta musu, ki nemi a kashe sautin a bar rubutu a ƙasan hoto, a kuma riƙa nuna sunan tasha ta gaba, wanda zai amfani kurame da baƙi.