Zan iya haɗa wa mahaifiyata magani a gida?

Tambaya: Mahaifiyata tana shan maganin zuciya kullum, kuɗinsa kuma ya fara fin ƙarfinmu. Na karanci ilimin sinadarai a jami'a, kuma na ga yadda ake haɗa shi a intanet. Akwai laifi in na haɗa mata da kaina?

Amsa: Allah Ya ba Mama lafiya, Ya yi maka albarka. Amma don Allah kada ka fara.

Ba raina karatunka na yi ba. A 2016 wasu ɗaliban sakandare a birnin Sidni na Ostireliya sun haɗa sinadarin Daraprim, wani maganin zazzaɓin cizon sauro da wasu cututtuka, bayan wani kamfani a Amurka ya ninka kuɗinsa fiye da sau 50. Sai dai da sa idon masana na jami'a suka yi, aka auna tsabtarsa da na'urori, kuma ba wanda aka ba ya sha.

Wahalar ba a haɗawa take ba, tana wajen sanin abin da ka haɗa. Farin garin da ya taru a gindin kwalba, ido ba ya gaya maka nawa ne magani a ciki, nawa ne ragowar sinadarin da bai gama juyewa ba. Ba ka faɗi sunan maganin Mama ba, amma ɗauki digozin, wani maganin zuciya, misali: ƙwaya ɗaya ba ta wuce kwatan miligiram, wata ma rabin haka. Da wane sikeli za ka auna? Ta yaya za ka cuɗa shi da garin ciko har kowace ƙwaya ta samu daidai? Ta yau ta zo wayam, ta gobe ta zo ninki uku, bugun zuciya ya rikice.

Ko ƙwararru sun sha yin ɓarna. A 1937 wani kamfani a Amurka ya narkar da salfanilamaid, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, a cikin ruwan dayitilin gilaikol, wani sinadari mai guba, ba tare da gwaji ba. Mutum sama da 100 suka mutu, da yawansu yara. Wannan ne ya haifar da dokar 1938 da ta wajabta tabbatar da amincin magani kafin a sayar.

Batun laifi kuwa, haushinka a kan tsada yana kan hanya, ni ma ina jin sa. Amma jikin da za a yi gwajin a kansa ba naka ba ne. Mama za ta karɓa ta haɗiye don ta yarda da ɗanta, ba don ta auna haɗarin ba. In kuma jikinta ya tashi cikin dare, likita zai tambayi me ta sha, nawa ta sha, kai kanka ba ka da amsa.

Ka koma wurin likitanta ka faɗa masa maganar kuɗin ƙarara, ba abin kunya ba ne. Tsofaffin magungunan zuciya galibi suna da na wasu kamfanoni masu rajista, sinadari ɗaya, kuɗi ƙasa. Kafin nan kada ta tsallake rana ko ta raba ƙwaya gida biyu don maganin ya daɗe.