Fartanyar yaro daban take

Ɗana, saƙonka ya iso, da fatan kowa lafiya. Ka ce abokina, wato jikana, ya matsa sai ya riƙa bin ka lambun bayan gida, maiɗakinka kuma tana tsoron ƙarfe a hannunsa, shi ne kake tambaya a da daga shekara nawa ake ba yaro kayan aiki. To, iyayenmu hankalin yaro suke dubawa, ba sa ƙirga shekaru. Tsoronta kuwa yana kan hanya, kada ka raina shi.

Ba a miƙa wa yaro fartanyar babba. Wurin maƙeri ake zuwa a ƙera masa tasa, ƙarama, mai gajeriyar ƙota daidai hannunsa, bakin ba kaifi sosai. Maƙera ba su ƙare a birnin nan ba. Tarihi ma ya ce wani maƙerin Gaya mai suna Kano ne ya zo Dutsen Dala neman tama, garin ya ci sunansa. Ka tafi da yaron ya ga yadda ake zuga wuta ana dukan ƙarfe. Abin da ya ga wahalar yinsa ba zai yar a tsakar gida ba. Sai ka yankar masa 'yar gayaunarsa, ko taku uku ce, ya shuka alayyafo ko yakuwa, don suna saurin fitowa.

Amma ajiya ake fara koya masa kafin noma. In an tashi daga aiki, ya kankare ƙasar da ta manne, ya goge ƙarfen ya bushe saboda tsatsa, ya jingine a inda aka tanada, baki yana kallon bango. Fartanya ko manjagara da aka bari kwance baki sama ita ke sare ƙafar mai wucewa da magariba. Ka nuna masa yadda ake girgiza ƙota kafin a fara sara. Da hunturu itace yakan bushe, ƙarfen ya riƙa girgiɗi, kuma yana iya fizgewa ya sami na kusa. Maganinsa a jiƙa kan ƙotar a ruwa ta kwana, in ta tsage a sauya. In yara biyu suna aiki, a ba da tazara, ba a tsayawa bayan mai ɗaga fartanya.

Lauje sai daga baya, domin wajen jiki ake jan sa, hannun da ya riƙe ciyawa shi ke cikin haɗari. Adda da gatari kuwa sai ya tasa, kuma kana tsaye. Wasa bakin ƙarfe ya yi kaifi aikinka ne.

Abu guda na da da ba na so ku gada shi ne barbaɗa toka ko ƙasa a kan sara. Ƙwayar cutar sarƙe-haƙora a cikin ƙasa da takin dabbobi take zama. A wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, in ya yi zurfi a tafi asibiti, kuma ka duba katinsa na rigakafi tun yanzu. Maganin feshi, wanda iyayenmu ba su sani ba, a kulle shi, kada a juye shi a robar lemo, kada yaro ya taɓa injin ko da babu komai a ciki.

Ka gaida maiɗakinka, ka karanta mata wannan. Allah Ya raya mana shi.