Tambaya da Amsa: Tarin dare da kemikal ɗin soson katifa

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah a taimaka min. Ina aiki a kamfanin da ake yin soson katifa, shekara ta biyu kenan a ɓangaren haɗa kemikal, akwai wani da ake ce ma TDI ni nake zuba shi. To wajen wata huɗu kenan in na koma gida da daddare sai tari ya turnuƙe ni, ƙirji ya riƙe kamar an ɗora min dutse, wani lokacin har numfashina na yin fito, amma a wajen aikin lafiyata ƙalau kuma ranar da ban je ba nakan samu sauƙi. Ogan mu yace ba daga kemikal bane tunda ba ma jin warinsa sosai kuma muna saka takunkumi. Sanyi ne ko me?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Ni dai ba zan iya duba ƙirjinka ta cikin wasiƙa ba, amma gaskiya yadda ka jero abin nan, tarin dare, fito, da sauƙin da kake samu ranar hutu, haka asmar da TDI ke haifarwa take zuwa, kuma bai kamata ka ƙara sati ba ka ga likita ba.

TDI ɗaya ne daga cikin dangin kemikal da ake kira aisosayanet. Shi ake haɗawa da wani ruwa mai kauri su tashi su zama soso mai laushi, ɗan'uwansa MDI shi ake yin soso mai tauri na jikin firij da shi, akwai kuma HDI da ke cikin ruwan da masu fentin mota ke zubawa a fenti dan ya yi tauri ya yi sheƙi. Tun 1937 wani masanin kimiyya mai suna Otto Bayer da abokan aikinsa suka gano wannan haɗi a Jamus, kaga ba sabon abu bane, illarsa ma an daɗe da saninta.

Maganar ogan ku ta wari ita ce ta fi damuna, domin hanci ba ma'auni bane a nan ko kaɗan. A Amurka hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta ce TDI a iskar wajen aiki kar ya wuce kashi 0.02 cikin miliyan, shi kuwa hancin ɗan Adam ba ya fara jin warin sai abin ya riga ya haura wannan iyakar, wato duk ranar da ka ji shi to ka shaƙi wanda ya wuce kima, ranar da baka ji ba kuma ba shaida bace cewa babu. Sannan abin ba kamar hayaƙi bane da zai shaƙe ka nan take ka gudu, a hankali jiki ke ɗaukar gaba da shi, wani wata kaɗan wani sai bayan shekaru, kuma daga ranar da jiki ya ɗauki gabar nan ko ɗan mitsitsi ka shaƙa sai hanyoyin numfashi su kumbura su tsuke, sau da yawa ba a lokacin ba sai bayan awanni, shi yasa kake ganin a wajen aiki garau kake sai ka kwanta abin ya taso. Mutane da yawa a nan suke ruɗewa su yi ta shan maganin mura.

Takunkumin kuma wane iri ne? In irin na takarda ne ko na asibiti, wannan ƙura kawai yake tarewa, tururin kemikal wucewa yake abinsa. Wanda ake buƙata shi ne na roba mai gwangwanin tace tururi wanda ake canjawa a kan lokaci kuma ya zauna daram a fuska, masu fesa fenti ko soso kuwa nasu sai wanda ake turo masa iska mai tsafta ta tiyo. Kuma kafin a zo kan takunkumi ma, aikin kamfani ne ya sa injin zuƙe tururi a daidai inda ake zubawa. Sannan a sa safar hannu ta robar naitiril ko butil, ba siririyar nan ta lateks ba, da gilashin ido da riga mai dogon hannu, saboda taɓa fata ma na iya jawo jiki ya ɗauki gabar. In ya fallatsa a ido a wanke da ruwa mai gudu aƙalla minti 15 a tafi asibiti, in a fata ne sabulu da ruwa, kar a goge da tina, wato ruwan tsinka fenti.

In zaka je wajen likita ka faɗa masa sunan kemikal ɗin da bakinka, in da hali ka ɗauki hoton takardar da ke jikin durom ɗin ka nuna masa, ka nemi gwajin huhu da ake hurawa, kuma ka fara rubuta ranakun da abin ke tashi da ranakun da kake hutu. In ya tabbata shi ne, maganar da ba daɗi ita ce dole ka bar ɓangaren nan gaba ɗaya, inhela tana kwantar da shi amma bata cire gabar, wanda ya bari da wuri yafi samun damar warkewa, wanda ya ci gaba da shaƙa yana iya zama da asma har ƙarshen rayuwa. Na san barin wajen da mutum ke cin abinci ba wasa bane, ka fara neman a canja maka ɓangare. A Tarayyar Turai tun 24 ga Agusta 2023 ba a yarda ma'aikaci ya yi aiki da irin waɗannan kemikal ba sai an ba shi horo, ku ma ku tambayi naku horon.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni mai kula da sito ne, mun samu wani durom na MDI da ya kumbura kamar zai fashe, yaran suka ce ruwan sama ne ya shiga aka mayar da murfi aka ɗaure. Wani yace mu huda shi ko mu buɗe da ƙarfi iskar ta fita. Ya za mu yi? Kuma wai da gaske irin wannan ne ya kashe mutane a Indiya?

AMSA: Yallaɓai dan Allah kar kowa ya huda shi, kar a mirgina shi, kar a tsaya a kansa ana kwance murfi. A janye mutane daga wajen, a kira kamfanin da ya sayar muku da shi ko masu aikin kashe gobara da suka san kemikal. Abin da ya faru shi ne aisosayanet da ruwa basa ga maciji, suna haɗuwa sai su fitar da iskar kabon dayoksaid da zafi, to an ɗaure murfi iskar bata da hanyar fita, ita ce take tura ƙarfen.

Saboda haka ne ma in ya zube a ƙasa ba a kwarara masa ruwa a share. Ana zuba busasshen yashi ya tsotse, a kwashe a zuba a mazubi a bar shi a buɗe, a jiƙa shi da ruwan kashe kaifinsa wanda yawanci ruwa ne da sodiyam kabonet da ɗan sabulun ruwa, a bar shi kamar kwana biyu a inda iska ke kaɗawa kafin a rufe. Durom ɗin da ya ƙare shi ma haka, ba a ba kowa ya zuba ruwan sha, kuma ba a yanka shi da wutar walda.

Na Indiya ɗan gidansu ne amma ba shi bane. Wancan metil aisosayanet ne, wanda ake haɗa maganin ƙwari da shi, yafi su guba nesa ba kusa ba kuma a zafin digiri 39 yake tafasa ya zama tururi. A daren 2 zuwa 3 ga Disamba 1984 a masana'antar Union Carbide da ke Bhopal ruwa ya shiga tankin da ke ɗauke da kusan tan 40, na'urar sanyaya tankin a kashe take, hasumiyar ƙona iskar ma bata aiki, tururin ya bi gari mutane na barci. Sama da mutum 500,000 suka shaƙa, gwamnatin jihar Madhya Pradesh ta tabbatar da mutuwar 3,787, ƙungiyoyin waɗanda abin ya shafa kuma suna cewa adadin ya ninka haka. MDI ɗinku baya tashi sama haka, sai an ɗumama shi ko an fesa shi yake cika iska, amma dai ruwa ne ya shiga inda bai kamata ba a can ma, ku ɗauke sauran duromomin daga inda ruwan sama ke dukansu.

TAMBAYA: Malam ni uwa ce, na ji ance da guba ake yin katifar soso, yarana a kai suke kwana, in jefar ne?

AMSA: A'a Hajiya, bar yara su yi barcinsu. In soso ya gama haɗuwa ya bushe kemikal ɗin ya riga ya rikiɗe ya zama wani abu daban, hatsarin yana kan masu haɗawa ne. In sabuwa ce tana wari a cire ledar a bar ta ta sha iska kwana biyu. Abin da zaki kiyaye shi ne wuta, soso na kamawa da sauri kuma hayaƙinsa na ɗauke da kabon monoksaid da sayanaid, dan haka a nisanta kyandir da maganin sauro na kunnawa daga gado, tsohuwar katifa kuma kar a ƙona ta a tsakar gida.