Zaɓin yanayi: dubi abin da ya sami kulorokwin

Malam, ka ce kana jin maganar zaɓin yanayi, wato yadda halittun da suka fi dacewa da muhallinsu ke tsira su yaɗu, da masanin halittu Charles Darwin ya bayyana a 1859, amma kana son misalin da ido zai gani, ba na tsofaffin ƙasusuwa ba. To, akwai shi a kantin maganin unguwarku.

A da, in zazzaɓin cizon sauro ya kama yaro, sai a ba shi kulorokwin, ya sha ƙaiƙayinsa, ya miƙe. Yau a ƙasashe da yawa ƙwayar cutar ba ta jin sa. Ba wai dabara ta koya ba, a nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Cikin ɗimbin ƙwayoyin, akan samu 'yan kaɗan da suka zo da ɗan sauyi a gadonsu, wanda ke sa su fitar da maganin kafin ya yi musu illa. Magani ya kashe saura, su suka tsira, sauro ya kwashe su ya kai wa maƙwabci. A haka har suka yi rinjaye. An fara ganinsu ƙarshen shekarun 1950 a iyakar Tailan da Kambodiya, suka iso Gabashin Afirka a 1978. Shi ya sa Najeriya ta koma ga magungunan ACT, wato haɗin magungunan zazzaɓi masu ɗauke da sinadarin atemisinin, a 2005.

Labarin Malawi ya fi burge ni. Ta daina amfani da kulorokwin a 1993, kuma cikin shekara goma ƙwayoyi masu jin maganin suka sake mamaye ƙasar, domin in babu maganin, masu sauyin nan ba sa yaɗuwa kamar 'yan'uwansu.